Haƙoran Saura

"Ajiye buhun nan, Mudassiru."

Autana bai ajiye ba. Ya riga ya ɗaure bakin buhun takin da igiya, abin da ke ciki yana ta mutsu-mutsu yana kuka, shi kuwa ya nufi babban kanal, hanyar ruwan noman rani da ke bayan gidajenmu. Jikata Mansura tana maƙale da zanena tana shessheƙa, an ɗaure mata hannu da tsumma, jini ya ɓullo ta cikinsa.

Maƙwabcina Sada ne ya yi maganar. Ya dafa bangon zaurensa ya fito, ƙafafunsa sun kumbura suntum, yana jan su da ƙyar. Tun da aka sallamo shi daga asibiti aka ce ya koma gida a ci gaba da addu'a, ban ga ya yi tafiya mai nisan wannan ba.

"Baba Sada, ka ga hannun yarinyar nan kuwa?" in ji Mudassiru. "Yau hannu ne. Gobe in ya girma sai fuska."

"Na gani. Kawo shi nan tukuna, kanal ba guduwa zai yi ba."

Ni dai a ranar ina bayan ɗana, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Kai Bazazzagi, ka bar yaro ya yi aikinsa. Ka ishe mu da kanka, ka ishe mu da karnuka."

Haka muke da Sada tun ina amarya a unguwar nan. Daga ƙasar Zazzau ya zo lokacin da ake haƙa hanyoyin ruwa, da shebur ɗinsa da riga ɗaya, aikin ya ƙare shi bai koma ba. Ya zama mai gadin gonakin noman rani, shi da karnukansa, suna tsare injinan ban-ruwa da kwandunan tumatir. Ni Bakanuwa, shi Bazazzagi, wasa ya halatta. In ya gan ni sai ya ce, "Baiwata, an tashi lafiya?" Ni kuma in ce, "Bawan da ubangijinsa ya manta da shi a bakin ruwa, ka kwana?" Matarsa ta rasu, mijina ya rasu, 'yarsa ɗaya Nafisat tana aure a Garun Malam, mu kuwa ba mu fasa ba.

Karnukan duk sun ƙare. Ta ƙarshe, wata jar karya, ta ci ɓeran da aka sa wa guba a gonar shinkafa, ta mutu ta bar 'ya'ya ko ido ba su buɗe ba. Suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ɗaya tak ya rayu da nonon akuya da koko. Shi ya sa Sada ya sa masa suna Saura. Shi ne a cikin buhun.

Sada ya zauna daɓas a ƙasa, don ƙafafun sun ƙi ɗaukarsa. Mudassiru ya ji nauyinsa, ya kwance igiyar. Kwikwiyon ya fito yana makyarkyata, ya shige cinyar mai shi. Sada ya ɗaga masa leɓe da ɗan yatsa.

"Dubi nan, Raliya."

"Ba na duban bakin kare."

"Dubi dai. Kin ga haƙoran nan kamar allura? Na nono ne. Allah ya yi su da tsini tun muƙamuƙin bai yi ƙarfi ba, don in ya kama ɗan'uwansa a ji zafi amma kada a yi ɓarna. Kare ba shi da hannu. Abin da jikarki take yi da hannu, ta taɓa, ta ja, ta rungume, shi da baki yake yi. Wasa ya nema wurinta."

"Wasan da ke fid da jini? Allah ya raba mu da wasan Zage-zagi."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya ya mai da numfashi.

"Ba wanda ya koya masa ne. In suna da yawa, yini suke suna cizon juna. Wannan ya kama kunnen wancan, in ya matsa da yawa wancan ya yi ƙara, ya tashi ya bar masa wurin. Shi ke nan wasa ya mutu. Gobe sai ya sassauta, don yana son wasan. Haka suke yi har kowa ya san iyakar bakinsa. Shi wannan hannuna kawai ya samu." Ya miƙo tafinsa, duk ya yi kanta, ga kumburi. "Shebur da sanda sun kashe hannun nan. Ya ciza ban ji ba, sai ya ɗauka haka fatar kowa take. Laifina ne, ba nasa ba."

Mudassiru ya ce, "To yanzu me kake so a yi, Baba?"

"Karyar Haladu ta haihu a ruga, 'ya'yanta sa'anninsa ne. A kai shi cikinsu kafin haƙoran nan su zube. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ɗana ya dubi hannun 'yarsa, ya dubi tsohon. "Baba, ni ba mugu ba ne, amma 'ya'ya gare ni. A kai shi. In suka karɓe shi, shi ke nan. In aka dawo mana da shi da wannan bakin, wallahi kanal."

Ya ɗauki Mansura a babur suka tafi asibiti a yi mata allura. Aka bar ni da Sada da kwikwiyo. Shi ba ya iya tafiya, Mudassiru ya ce ba zai taɓa ba, sauran maƙwabta kuwa kowa ya tuna yana da ban-ruwa. Sada ya yi ta kallona.

"Kada ma ka fara," na ce.

"Baiwa ba ta musu da ubangijinta."

Da la'asar sai ga ni a kan gadar kanal da tsohon kwandon tumatir a ka, kare a ciki, ni Raliya da ban taɓa barin kare ya shinshini zanena ba. Duk wanda na gamu da shi sai ya tambaye ni nawa kwando, ni kuma in ce ya je ya tambayi uwarsa.

Rugar Haladu tana hayin kanal, daf da hanyar maƙabarta. Fulani ne da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo, matarsa Hawwa'u ce ke kawo mana nono. Ta saurari bayanina tana rufe baki da gefen mayafi, sannan ta nuna mini gindin wata tsamiya inda kwiyakwiyai huɗu ke birgima. Na kifar da kwandon. Saura ya tsaya ƙiƙam, bai taɓa ganin irinsa ba. Suka zagaye shi suna shinshina. Can wani baƙi ya kama masa kunne, shi kuma ya juya ya cafki wuyansa. Baƙin ya tsala ƙara.

Ban san lokacin da na zari karan dawa ba. Na shiga tsakaninsu ina tsula wa kowa, "Kai! Kai! Ku bari!" Suka watse, uwarsu ta taso tana gurnani, Hawwa'u ta kore ta. Na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Na tarar da Sada a rumfar ƙofar gidansa, inda yake yini a kan tabarma.

"Ka gode wa Allah da ina wurin," na ce. "Da sun kashe juna."

"Me kika yi?"

"Raba su na yi mana."

Ya yunƙura zai tashi zaune, ya kasa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Kin raba su? Raliya, ƙarar nan da kika ji ita ce karatun! Ita na aike ki ki nemo masa!"

Ni ma raina ya ɓaci. "To mu a garinmu in an ga biyu sun shaƙe wuyan juna rabawa ake yi. Haka aka koya mana, har lada ake samu. Ko ku a Zazzau tafi kuke yi musu?"

Ya rufe ido. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Kada ki dubi bakin, baki zai ruɗe ki. Dubi jikin. In kin ga ya durƙusa da ƙafafun gaba ya ɗaga gindi sama yana kaɗa wutsiya, cewa yake duk abin da zan yi maka yanzu wasa ne. In kin ga babba ya kwanta da baya ya bar ƙarami ya hau shi, wasa ne. In suna karɓa-karɓa, wannan ya kori wancan, wancan ya koro wannan, wasa ne. Faɗan gaske ba shi da wannan hayaniyar. Jiki ne zai sandare, gashin baya ya miƙe. In ba ki ga haka ba, ki riƙe hannunki, don Allah."

Mudassiru yana tsugune a gefe yana dama masa kunu, don duk faɗan da ya yi shi ne ke ɗaga tsohon ya kai shi bayan gida. Duk abin da aka faɗa a kunnensa.

Fangalin albasata, ɗan filin da nake yi wa ban-ruwa, yana kusa da rugar, saboda haka kullum da safe in na je sai in biya. Riƙe hannu ya fi ɗaukar kwando wuya. Saura ya ruga cikin kwiyakwiyan da murna, ya cafki wani, wancan ya yi ƙara, sai duk su tashi su koma wani wuri su ci gaba da wasansu. Shi kuma ya tsaya yana kallonsu, bai san abin da ya yi ba. Ya sake bin su, ya sake cafka, su sake barinsa. Daga baya ma da sun hango shi sai su watse. Ya koma kwanciya shi kaɗai wajen turken maruƙa, haɓa a kan ƙafafu. Ban taɓa zaton zan ji tausayin kare ba, amma na ji.

Kullum sai na kawo wa Sada labari, kuma ban yi masa ƙarya ba.

"Sun guje shi."

"Gudun shi ne horon. Yana bin su?"

"Jiya ya bi. Yau bai bi ba."

"Haƙoran fa?"

"Hawwa'u ta ce na gaba ɗaya ya fita."

Ya juya fuska wajen bango.

Jikin Sada ya ci gaba da rikicewa. Cikin ya kumbura, idanun suka yi ɗorawa, abinci ya daina zama. Nafisat ta zo daga Garun Malam da goyo, ta tare a gidan. Mutane suka yi ta shigowa dubiya, kowa da muryar lallashi, ni ma ban san lokacin da na bi sahu ba. Wata ranar Laraba na shiga rumfar da kwanon fura, na durƙusa na ce, "Sannu, Malam Sada. Ya ƙarfin jikin? Allah ya sa kaffara ne."

Ya buɗe ido ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam? Yaushe na zama malam?"

"To ai..."

"Kowa ya shigo sai ya lallaɓa ni kamar ƙwai. Da liman ya yi ban damu ba, aikinsa ne. Da Nafisat ta yi ban damu ba. Amma yau da na ji ki, na san tafiya ta zo." Ya kafe ni da ido. "Ke ma kin tashi kin bar mini wurin ke nan?"

Na ajiye kwanon, na gyara ɗaurin zanena, na nemo muryata ta da.

"Kai dai Allah wadaran bawa. Ka zo garin mutane da shebur, ka cinye mana tuwo shekara da shekaru, yanzu kuma ka kwanta sai an dama maka fura. In ka mutu ma asara za ka ja mana, don ƙasar Kano za ka ci, ko taki ba za ka yi mata ba."

Nafisat ta leƙo a firgice. Shi kuwa dariya ta kama shi har ta zama tari, Mudassiru ya tallafo shi. Da ya lafa ya ce, "Kanawa! Ko kabari sai sun yi ciniki." Hawaye na zuba a idona, ina ta zaginsa, yana ramawa da ɗan abin da ya rage masa na murya. Rabon da in ga fuskarsa ta saki haka tun kafin asibiti.

Da zan tafi ya kira ni. "Baiwata. In Saura ya koya, ki zo ki faɗa mini. Shi kaɗai ya rage da ban sallama ba."

"Zan zo. Kai dai ka jira ni."

Kwana biyu bayan haka na tarar da Haladu da kansa yana jirana a bakin ruga, ya rataya sanda a kafaɗa. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ɗago baƙin kwikwiyon ya nuna mini kunnensa a tsage.

"Inna, mun yi haƙuri saboda Baba Sada. Amma jiya wannan, shekaranjiya ya kama jelar maraƙi. In an yi la'asar a zo a ɗauke shi."

Na roƙe shi, ya ce shi ma yana da yara. Ban ga laifinsa ba. Na kamo hanyar gida ina ta juya yadda zan faɗa wa Sada, ko kuwa yau in yi masa ƙaryar da ban taɓa yi ba. Ina hawa gadar kanal na jiyo kukan Nafisat.

Da hantsi Sada ya cika, Mudassiru na riƙe da kansa. An ce bai sha wuya ba, ya yi salati, ya nemi ruwa, kafin a kawo ya tafi. Na zauna a tsakar gidan cikin mata ana ta "Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta." Baƙin ciki ya cika ni, da wani haushi da ban san inda zan kai shi ba. Na ce ya jira ni, bai jira ba. Kuma da ya jira ɗin, ba ni da abin da zan ba shi sai mugun labari.

Da aka gama sutura aka fitar da shi ƙofar gida don sallah, na ji ba zan iya zama ba. Mata ba sa rakiya, amma ba wanda ya hana tsohuwa zuwa duba albasarta. Na zagaya ta bayan gida na haye kanal. Hawwa'u ta gan ni, ta shimfiɗa mini buzu a bayan dangarta, inda ake hango hanyar maƙabarta da ta bi ta kan gaɓar ruwa. Kwandon da na kawo Saura a ciki yana nan jingine, an riga an fito da shi.

Saura yana wajen turken maruƙa. Sauran suna wasansu a gindin gaɓar, inda ruwa ke tsattsafowa ƙasa ta yi laushi. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya tashi ya nufe su, ba da gudu ba wannan karon. Ya tsaya nesa kaɗan da baƙin nan mai tsagaggen kunne. Ya sauke ƙafafun gaba har ƙirjinsa ya taɓa ƙasa, ya ɗaga gindi, wutsiya na kaɗawa.

Baƙin ya ja da baya. Saura bai matsa ba, ya sake durƙusawa. Na ji Hawwa'u ta kama mini hannu.

Baƙin ya yi tsalle ya faɗa masa. Suka dunƙule suna gurnani, Saura ya buɗe baki ya kama wuyan nan dai da ya kama ranar farko. Na toshe bakina da mayafi ina jiran ƙarar. Ba ta zo ba. Baƙin ya zame, ya juyo ya danne shi, Saura ya kwanta da baya ya bar shi. Sauran suka rugo suka afka musu, aka rasa gane ta wa ce ƙafa ta wa ce wutsiya. Suka kori juna har kan gaɓar, tsakiyar hanya.

A daidai lokacin makarar ta ɓullo daga kan gada. Maza suna tafe da sauri kamar yadda aka saba, ana karɓa-karɓa, ba mai magana. Mudassiru yana gaba, ya bar wa wani ɗaukar makarar ke nan. Wani dattijo da ke kusa da shi ya hango karnuka sun shaƙe wuyan juna a kan hanyar gawa, ya sunkuya ya ɗauki hogen ƙasa, ya ɗaga hannu.

Mudassiru ya riƙe masa hannun. Ya tsaya yana kallon ƙasa, har na bayansa suka fara cin karo da shi. Daga inda nake na ji muryarsa, a dishe.

"Ƙyale su, Baba. Wasa suke yi."

Dattijon ya saki hogen. Masu ɗauke da makarar suka ɗan karkata zuwa gefen ruwa, na baya suka bi sawunsu, aka wuce da Sada ta gefen kwiyakwiyan. Ba kwikwiyon da ya ɗago kai. Na bi farin likkafanin da ido har ya shige bayan gonar alkama. Da na dawo da kallona, Saura yana kwance a tsakiyar hanya, cikinsa a sama, duk ya yi buɗu-buɗu da ƙasa, ƙafar baƙin tana cikin bakinsa, baƙin kuwa yana hamma.